Wushirya a cikin jeri: ƙarar da Ɗan Birni ya kawo kan teburin biliyar

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan fada. Ina da ƙara, kuma a gaban kowa zan kawo ta don kada a ce na yi da wani a bayan idonsa. Jiya bayan isha'i a teburin Zango na ci wasa uku a jere. Kun san dokar wurin, wanda aka ci shi ke jera ƙwallaye, wanda ya ci shi ke fasawa. A wasa na huɗu na saki sanda da iyakar ƙarfina har kafaɗata ta amsa, amma ƙarar da na ji sai ka ce an jefa dutse cikin buhun dusa. Huɗu ko biyar suka motsa, sauran suka tsaya dunƙule kamar tumaki a inuwa, baƙar ko gezau. Farar kuwa ta zame ta faɗa ramin tsakiya. Ban kama suna ba, amma wanda ya jera ya san kansa. Jeri zai iya kashe fasawa haka, ko hannuna ne ya mutu?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, tun da ba ka kama suna ba ni ma ba zan ce ni ne ba. Amma katakon nan da muke jeri da shi ya girme ni, kusurwarsa ɗaya ma da waya aka ɗaure ta.

Na Zango: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Auta: To ni ne na jera, sai me? Wallahi yadda nake jera wa kowa haka na jera masa.

Na Zango: Ai nan matsalar take, ƙanena.

Malamin Lissafi: Ku dakata da zolayar yaron nan, tambayar tana da amsa. Ƙwallo goma sha biyar in aka jera su sahu biyar, wuraren da suke taɓa juna talatin ne cif. Ku zana a ƙasa ku ƙirga. In duk talatin ɗin a haɗe suke, ƙarfin da farar ta kawo yana ratsa su gaba ɗaya kusan a lokaci guda, kowace ta karɓa ta miƙa wa ta bayanta, sai ka ga na sahun ƙarshe sun fi kowa gudu. In kuwa akwai giɓi, ko da kaurin takarda ne, ƙwallon gaba sai ta yi tafiya tukuna kafin ta sami ta bayanta. Ta riga ta sami wadda ke hannun dama kafin ta hagu, ƙarfin ya karkata gefe guda, wani ya ɓace a karo bayan karo. Giɓin da ya fi kowane muni shi ne wanda ke tsakanin ta kan gaba da biyun da ke bin ta, don ta nan komai ke shiga. Saboda haka e, jeri yana kashe fasawa. Amma Ɗan Birni, ƙararka kashi biyu ce. Dunƙulewar ƙwallaye laifin jeri ne. Faɗawar farar a ramin tsakiya naka ne: ba ka sami ta kan gaba a tsakiyar goshinta ba. Da ka same ta daidai, farar baya za ta ɗan yi ta tsaya a tsakiyar tebur.

Ɗan Birni: Malam, ni shaida na kira ka, ka zo ka raba mana laifi.

Mai Tebur: Tun da teburina ake magana bari in saka baki. Na hannu na saye shi daga Kano, shekara huɗu ke nan. Ku je ku shafa ɗigon da ake aza ƙwallon gaba, rami ne ya fito a wurin. Duk fasawa ɗaya farar tana danna ta gaba cikin ƙyalle, sau nawa ke nan a dare? Yanzu kana ɗaga katako sai ta gangara ta zauna cikin raminta, ta bar biyun baya. Ko wa ya jera haka za ta yi. Auta bai cuce ka ba, Ɗan Birni, sai dai bai san dabarar ba.

Auta: Allah ya saka, maigida. Wace dabara?

Mai Tebur: Kada ka yi gardama da ramin. Ka fara aza ta gaba ita kaɗai, ka bar ta ta zauna inda take so. Sannan ka kawo sauran su same ta a can. Ka sa yatsunka takwas bayan sahun ƙarshe ka tura gaba, manyan yatsu biyu suna riƙe da katako ta waje. In sun matsu ka janye yatsu a hankali, ka ɗan zame katakon gaba, ka ɗaga bayansa tukuna. Ku kuwa sama kuke fizge shi kamar mai buɗe tukunya.

Kafinta: Kuma katakon nan ba gyara yake so ba, ritaya yake so. Na gaya maka tun bara. Itace ne, damina ya kumbura, bazara ya bushe ya karkace.

Kawu: Salamu alaikum yara. Na karanta duka. Mu lokacin da muke bugawa a Yamai ba a wannan dogon turanci. In ƙwallo ta ƙi zama sai ka ɗauki farar ka ɗan ƙwanƙwasa mata a ka, ta zauna daram. Shi ke nan.

Mai Tebur: Kawu, ranka ya daɗe, da girmanka, amma duk wanda na kama yana ƙwanƙwasa ƙwallo a teburina ranar ya gama wasa. Kowane ƙwanƙwasa rami ne. Yau wannan ya yi nasa a nan, gobe wancan ya yi nasa gefe kaɗan, kafin wata uku wurin ya zama kamar hanyar Tanut ta da.

Kawu: Ɗana, ƙyallen naka ai ya riga ya zama hakan.

Bakano: Ku biyun kowa na da gaskiyarsa. A gasannin Turai an daɗe ana ƙwanƙwasawar, amma ba kowa ke yi da hannunsa ba. Kafin a fara gasa ake aza ma'auni, a ƙwanƙwasa kowace ƙwallo a gurbinta sau ɗaya, daga nan alƙalin wasa da hannu kawai yake jerawa, ba katako, kowace ta faɗa gurbinta. Ramukan da aka auna daban, na ganin dama daban. Yanzu kuma abin da ya fi yawa wata ƴar leda ce siririya mai huji-huji, sunan da ta fi shahara da shi Magic Rack. Ana shimfiɗa ta a ƙyalle, a aza ƙwallaye a kan hujin, su jingina da juna da kansu. A kanta ake fasawa, in an fasa a zare ta.

Na Zango: Leda a ƙarƙashin ƙwallaye ba ta karkatar da su?

Bakano: Mai gudu ba ta jin ta. Wadda ta zo a hankali ce wani lokaci take ɗan kaucewa ko ta tsaya a kanta, sai a yi dabara wajen zarewa. Wannan ne aibinta.

Ɗan Birni: To in ledar nan tana kawo jeri matse ko yaushe, ai magana ta ƙare. A sayo.

Bakano: Can ma da suka samu jeri marar wushirya sabuwar rigima ce ta tashi. Ka ga wasan ƙwallo tara da ƙwararru suka fi yi, ba kusurwa uku ake jera shi ba: ɗaya, biyu, uku, biyu, ɗaya. Lamba 1 a gaba, lamba 9 a tsakiya. Biyun da ke gefen 9 su ake kira fiffike. In jerin ya matsu sarai, 1 tana kan ɗigo, ka fasa daga gefen tebur, ta fiffike ramin kusurwa take nufa kai tsaye, kusan ko yaushe. Ba sai ka sa ƙarfi ba. Wani Ba'amurke, Corey Deuel, da bugu mai laushi ya yi suna. A 2001 ya ci gasar US Open, a wasan ƙarshe ya ba Mika Immonen na Finlan 11 da babu. Masu shirya gasa suka ga fasawa ta zama kamar karatun allo, sai suka shiga ƙirƙiro dokoki. Aka kawo dokar uku: dole a samu ƙwallo uku da suka faɗa rami ko suka dawo suka wuce layin da ake fasawa, in ba haka ba ka rasa bugu. Aka kuma matsar da jerin gaba, 9 ta hau ɗigo maimakon 1, don ta fiffike ta daina samun bakin rami. Kamfanin Matchroom, masu gasar Mosconi tsakanin Turai da Amurka tun 1994, har wurin aza farar suka taƙaita, ba a fita gefe. Duk da haka ƴan wasan suka koyi bugun 1 ta gefe ta tafi ramin tsakiya.

Na Zango: Kai, su suna kuka da matsi, mu muna kuka da sako-sako.

Malamin Lissafi: Amma ku lura da abin da labarin Bakano ya nuna. Tafiyar da aka yi da jerin bai kai tsawon tafin hannu ba, sahu biyu ne kawai, wajen santimita goma, amma ƙwallon da take faɗawa kullum ta daina. Haka abin yake da ƙanƙanta. A jerin tara wuraren taɓawa goma sha shida ne, kuma ƙwararru suna sunkuyawa su duba su kafin su fasa, don inda giɓin yake shi ke gaya musu ta wane gefe za su aza farar. Mu nan wa ya taɓa sunkuyawa ya duba? Sai an fasa ta ƙi, sannan a fara neman mai laifi.

Ɗan Birni: In na sunkuya ina duba jerin mutum ai kamar na ce masa macuci ne.

Auta: Ka gwammace ka kawo ni gaban mutum arba'in ke nan.

Ɗan Garin Malam: Ni abin da ke ɗaure mini kai tsarin launi ne. A namu teburin ja da rawaya ne, bakwai-bakwai da baƙa, ba lambobi. Wani ya zo daga Zango ya ce mun jera ba daidai ba, wai ta gaba ce ke hawa ɗigo. Mu kuma baƙar muke azawa a kai tun da muka tashi.

Bakano: Ku duka daidai ne, wasannin ne biyu. Naku na Ingila ne, ƙwallayensa ƙanana, milimita 50.8, kuma a dokarsa baƙar ce ke kan ɗigo. Na Zango na Amurka ne, milimita 57.15, ta gaba ke kan ɗigo. A dokar hukumar duniya ta WPA, na Amurka abu uku kawai aka ɗaure: ta gaba a ɗigo, 8, wato baƙar, a tsakiyar sahu na uku, kusurwoyin baya biyu kuma ɗaya mai zane ɗaya marar zane. Sauran a zuba yadda suka zo, an ma hana ka tsara su da gangan. Kuma fasawa ba ta halatta sai wata ta faɗa ko aƙalla huɗu sun taɓa bango. A na Ingila kuwa, in ba wadda ta faɗa, biyu ake so su haye layin ramukan tsakiya.

Na Zango: Tsaya. Kana nufin wannan da muke yi na jeranta su a gefe, mai zane, marar zane, mai zane, ba doka ba ce? Mun sha tsayar da wasa a kan haka.

Bakano: Ba doka ba ce. Ka gwada ma ka gani, in ka jeranta su haka ta gefe biyun, kusurwoyi ukun duk iri ɗaya za su fito, ka ga ka karya dokar gaskiyar.

Kawu: Dokar Bature ta zauna a ƙasar Bature. Nan Damagaram dokar mai tebur ake bi. Mu baƙa ta faɗa a fasawa ka ci, a wani kartiye kuma an ci ka. Wace WPA za ta zo Kara-Kara ta raba ku?

Bakano: Ba ta zuwa, Kawu. Amma a littafinsu ba ci ba ne ba kuma faɗuwa ba ce, ko a maido da 8 kan ɗigo ka ci gaba, ko a sake jeri.

Mai Tebur: A nawa teburin mai fasawa ya ci, kuma ba zan canza ba. Shi ya sa yaran nan suka koyi bugun ta sahu na biyu. Su aza farar a jikin bango, su bar ta gaba su sami ta bayanta, baƙar ta kama hanyar ramin tsakiya na ɗaya gefen. Wani yaro ɗan kabu-kabu ya yi mini haka sau biyu a dare ɗaya. Dala ashirin ɗin wasa ta tafi a bugu guda, masu jiran layi suna murna.

Malamin Lissafi: Shi ma wannan bugun sai jeri ya matsu yake ci. In akwai giɓi kusa da 8 ba inda za ta.

Ɗan Garin Malam: Ashe shi ya sa a waya yake fita ko yaushe. A wasan waya na 8 Ball Pool ƙanena ya haddace inda zai aza farar, ya zo tebur na gaske ya yi irinsa sak, ba abin da ya faɗa. Ya ce teburinmu ne ƙarya.

Na Zango: A waya ba hazo, ba ƙura, ba Auta.

Auta: Allah ya isa, yaya.

Mai Tebur: Maganar ƙura ba wasa ba ce. Lokacin hunturu in na goge ƙwallaye da la'asar, kafin isha'i sun yi fari. Ga alli, ga zufar hannu, ga mai cin tsire ya zo ya jera. Ƙwallo mai datti ba ta rabuwa da ƴar'uwarta da tsabta, kamawa take yi ta ja ta. Wani abin kuma da ban gaya muku ba: lamba 6 ba ƴar gidan ba ce. Ta asalin ta ɓace tun bikin sallar bara, na samo wata daga wani tsohon saiti. Ta ɗan fi sauran ƙanƙanta.

Ɗan Birni: Innalillahi. Shekara guda muna wasa da baƙuwa.

Malamin Lissafi: To ka ga inda gizo ke saƙa. In ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, ko mala'ika ya jera sai an sami giɓi a kewayenta. Ba sai da ma'aunin makanikai za ku gane ba. Ku jera uku a jikin bango, wadda kuke zargi a tsakiya, ku aza rula a kansu ku haska fitilar waya ta baya. In haske ya ratsa ta saman ta tsakiya, ita ce. Ku gwada farar ma da lamba 1, su suka fi shan duka, su ke fara cinyewa. Kafin a samu sabon saiti, duk wadda ta fito ƙarama a kai ta sahun baya, kada ta kusanci ukun gaba ko kewayen 8.

Bakano: Masu kyan su ne Aramith na Beljiyam, da su ake manyan gasanni, suna daɗewa ba su cinye ba. Na arahar da ke cika kasuwa su ne ke saurin yin tabo.

Mai Tebur: Bakano, a dala ashirin-ashirin kake so in tara kuɗin Beljiyam? Ga kuɗin wuta, ga man janareto.

Ɗan Birni: Mu koma kan tushen ƙarata. Ni shawarata a canza doka, kowa ya jera wa kansa. Wanda zai fasa shi ya jera. In ta ƙi, ba wanda zai zarga.

Kawu: A ba kura ajiyar nama ke nan. Wanda ya iya zai tsara su yadda yake so, ya watsa nasa a fili ya ƙulle na abokin wasa. Kuma jerawar wanda aka ci tana da ma'anarta. Ladabi ne. An ci ka, ka sunkuya ka tattara.

Na Zango: Kawu, a wasan takwas ai ba wanda ya san nasa kafin a fasa. Me zai ƙulle?

Kawu: Yanzu-yanzu kuka ce wanda ya san inda giɓi yake ya san inda ƙwallo za ta. To wanda ya sa giɓin da hannunsa fa?

Malamin Lissafi: Kawu ya kama ku a nan. In abokin wasanka ya jera, tsoron shi ne ya sassauta maka. In kai ka jera, tsoron shi ne ka gyara wa kanka. Shi ya sa a manyan gasa alƙali ke jerawa. Mu da ba mu da alƙali, ni abin da na gani shi ne a bar dokar yadda take, amma mai fasawa yana da damar dubawa sau ɗaya ya ce a sake, ba fushi ba gaba. Ko kuma mai jiran layi ya jera, tun da shi ba ruwansa da wanda zai ci.

Auta: Mai jiran layi ya fi kowa son a gama da wuri, Malam. Kuma ya fi son ya gamu da wanda bai iya ba.

Malamin Lissafi: Wannan kuma ban yi lissafinsa ba.

Kafinta: Ni ku ba ni awo in yi muku sabon katako, amma ledar nan ta Bakano ta tsaya mini a rai. Tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti ba za ta yi ba? Siririya ce, ba ta yagewa, ina da guda biyu tun karayar da na yi.

Malamin Lissafi: Gwadawa ba ta kashe kowa. Ga awon na Zango: daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 57, daga sahu zuwa sahu 49 da rabi. Na Garin Malam kuma kusan 51, sahu zuwa sahu 44. Ka rage ɗan ƙanƙani ƙwarai wajen tsakiya don su jingina da juna, in ka buɗa ko kaɗan kai ne ka ƙera wushirya ta dindindin. Kada ka huda da ƙusa, bakin hujin zai tashi. Abin huda fata na dukawa ya fi.

Bakano: Ku yi mini hoto in kun gama. In ta yi, ni ma a aiko mini da ɗaya ta motar Kano.

Ɗan Birni: To ga abin da za a yi, gani ya kori ji. Alhamis bayan la'asar, kafin mutane su cika. Fasawa goma da tsohon katako, goma da sabo, goma da takardar Kafinta. Mutum ɗaya ya fasa duka, daga wuri ɗaya. Malam ya riƙe alƙalami ya rubuta nawa suka faɗa, nawa suka taɓa bango.

Na Zango: Wa zai fasa?

Ɗan Birni: Ni mana.

Auta: A'a. Mai ƙara ba ya zama ma'auni. Ka ga tsohon katako ka sassauta hannu don a ce kana da gaskiya. Na Zango ya fasa, ni in jera duka talatin ɗin yadda maigida ya koya mini.

Mai Tebur: Kun gama tsarawa ba wanda ya tambaye ni. Fasawa talatin a kan ɗigon da na ce muku ya riga ya yi rami? Kowace fasawa kuɗin wasa guda ce, jaka uku ke nan, kuma za a shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin farar don kada ku ƙona mini tapi, wato ƙyallen teburin.

Kawu: Ni zan biya jaka ɗaya, da sharaɗi a ƙara goma da ƙwanƙwasawa.

Mai Tebur: Kawu, riƙe jakarka.

Kafinta: Alhamis ranar kasuwar Dole ce, ba na samun kaina sai magariba. Ku mai da shi Asabar. Mai Tebur, ka aiko yaro da ƙwallo biyar in yi awon katakon a kansu, ban da lamba 6.